Ra'ayi: Kafin mu sayo sabon inji, mu koyi tsara aikin wanda muke da shi

Ana saura kwana tara ƙaramar Sallah na leƙa wata ƙaramar masana'antar haɗa sabulun ruwa da shamfu. Ta wani abokina ce da ya kwashe shekaru yana ci-rani a ƙetare, ya tara abin da Allah ya hore masa, ya dawo gida ya zuba a wannan sana'a. A ƙofa na tarar da ƴan kasuwa uku suna jiran kayan da suka riga suka biya rabin kuɗinsu. A ciki kuwa injin ɗura kwalabe a kashe yake, samari huɗu suna zaune kan jarkoki suna latsa waya, tankin haɗi guda ɗaya da ake da shi kuma cike yake da wani shamfu da babu wanda ya nema a wannan makon. Da na tambayi dalili, aka ce mini kayan haɗin shamfun ne suka fi kusa da ƙofar mangaza, shi ya sa aka fara da shi. Abokin nawa ya ja ni gefe ya ce, "Malam, matsalata ɗaya ce, tanki ya yi mini kaɗan. Rance nake nema in sayo na biyu."

Ban yarda da shi ba a ranar, har yanzu kuma ban yarda ba. Tanki bai yi masa kaɗan ba. Awannin tankin ne suke zubewa a banza, saboda babu wanda ya zauna ya rubuta abin da za a fara haɗawa, da abin da zai biyo baya, da lokacin da kowanne zai fita.

Tun bayan takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa ƙasarmu a 2023, lokacin da magunguna da kayan masarufi suka yi ƙaranci, maganar dogaro da kai ta cika gari. Kowa na cewa mu riƙa yin sabulunmu da fentinmu da maganinmu a gida. Magana ce mai kyau. Sai dai in ka kasa kunne, hirar duk a kan gini da inji take ƙarewa: nawa ne kuɗin injin, daga Sin za a kawo shi ko daga Turkiyya, wa zai yanke kintinkiri ranar buɗewa. Da wuya ka ji an tambayi wanda zai tsara jadawalin aikin injin bayan an watse daga bikin. Ni kuwa a ganina a nan ne ake cin riba, a nan ne kuma ake karyewa.

Kwarara da zubi-zubi

Masana'antun sinadarai iri biyu ne. Akwai masu aikin kwarara, inda ɗanyen kaya ke shiga ta wannan baki, gyararre ya fita ta wancan, dare da rana ba tsayawa. Matatar mai ta SORAZ da ke kusa da Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga dubu 20 a rana, irin wannan ce. Haka ma murhun siminti na Malbaza. Akwai kuma masu aikin zubi-zubi: a auna kaya, a zuba a tukunya, a gauraya ko a dafa na wani lokaci, a kwashe, a wanke tukunyar, a sake zuba wani. Marina da majema da masu sabulun salo sun san wannan aiki tun kaka da kakanni. Sabulu, fenti, turare, man shafawa, ruwan jabel, maganin ƙwari, maganin tari na ruwa da ƙwayoyin magani, duk haka ake yin su, tun daga ƙungiyar mata masu haɗa sabulu a bayan gida har zuwa masana'antar magunguna ta ƙasa, SONIPHAR, da ke Yamai.

Ƙasa mai ƙaramar kasuwa irin tamu ba ta da halin gina masana'anta guda don kaya guda. Tilas tukunya ɗaya ta yi kaya biyar ko goma, yau wannan gobe wancan. Da zarar haka ta faru kuwa, tambayoyi huɗu sun taso waɗanda ba su da makawa: me za a haɗa, nawa za a haɗa, a wace tukunya, kuma wanne ne zai riga wanne? Amsar waɗannan tambayoyi ita ce jadawalin aiki.

Duk macen da ta taɓa riƙe girkin biki ta san ba wasa ba ne. Tana da tukwane uku da murhu biyu, ga baƙi za su iso da azahar. Ba za ta ɗora shinkafa da asuba ta bar nama sai ƙarfe sha ɗaya ba, kuma ba za ta dama kunu a tukunyar da aka sauke miyar yaji ba sai an wanke ta tas. Bambancinta da injiniyan masana'anta shi ne ita tana riƙe lissafin a ka, shi kuwa kayan sun yi yawan da kai ba zai riƙe ba.

Awa bakwai daga sauya jeri kawai

Bari mu yi misali da lissafin da mai karatu zai iya bi da biro a hannu. A ce masana'anta tana da tankin haɗi ɗaya da injin ɗura ɗaya, kuma kowane kaya sai ya bi ta tanki kafin ya je inji. Akwai oda huɗu. Sabulun wanke hannu yana cin awa 4 a tanki, awa 1 a inji. Shamfu awa 6 a tanki, awa 4 a inji. Ruwan goge daɓe awa 3 a tanki, awa 6 a inji. Sabulun wanke kwanuka awa 2 a tanki, awa 5 a inji.

In aka bi su yadda na lissafa su, wato yadda odar ta shigo, injin ɗura zai zauna awa 4 yana jiran zubin farko, ya yi aikin awa 1, ya sake zaman awa 5 yana jiran shamfu, sannan aiki ya taru masa a ƙarshe. Ba za a gama ba sai bayan awa 25.

A 1954 wani masanin lissafi a Amurka mai suna Selmer Johnson ya fito da wata ƙa'ida mai sauƙi don irin wannan yanayi na matakai biyu. Ka duba duk lokutan, ka nemo mafi ƙanƙanta. In a mataki na farko yake, ka sa wannan kaya a gaban layi. In a mataki na biyu yake, ka kai shi ƙarshen layi. Ka cire shi, ka maimaita da sauran. Da wannan ƙa'ida jerinmu zai koma haka: sabulun kwanuka, ruwan goge daɓe, shamfu, sannan sabulun hannu. Injin ɗura zai fara aiki bayan awa 2 kacal, kuma ba zai sake tsayawa ba har a gama a awa 18.

Awa bakwai ke nan aka samu, kusan yinin aiki guda, ba a sayi ko ƙusa ba, ba a ƙara ma'aikaci ba. Tankin nan ne, injin nan ne, samarin nan ne. Ƙa'idar Johnson ba ta lissafa lokacin wanke tanki ba, kuma ta ɗauka akwai inda za a ajiye haɗin da ya gama yana jiran inji. To amma ko a haka ta isa ta nuna cewa jeri kuɗi ne.

Maƙogwaron masana'anta

Darasi na biyu ya shafi masu saurin sayen inji kai tsaye. A kowace masana'anta akwai mataki guda da ya fi sauran jinkiri, kuma duk abin da za a fitar sai ya wuce ta cikinsa. Shi nake kira maƙogwaro. Masanin nan ɗan Isra'ila, Eliyahu Goldratt, ya yayata wannan tunani a shekarun 1980: awa ɗaya da aka rasa a maƙogwaro asara ce ga masana'anta gaba ɗaya, awa ɗaya da aka tsimi a wani wurin kuwa ba ta ƙara komai.

A ce zubi ɗaya yana cin awa 3 a gauraya, awa 8 a tukunyar dahuwa, awa 4 a sanyaya da ɗura. In ana jira zubi ya gama duka matakan kafin a fara wani, kowane awa 15 za a fitar da zubi ɗaya. In kuwa ana fara gauraya na gaba tun na farko yana kan wuta, ta yadda tukunyar dahuwa ba ta zama fanko, za a riƙa fitar da zubi kowane awa 8. Kusan ninki biyu ke nan da kayan aiki iri ɗaya. Yanzu wanda ya ci bashi ya sayo injin gauraya na biyu bai ƙara ko kwalba ɗaya ba, don har yanzu kowane zubi sai ya yi awa 8 a tukunya. Wanda ya sayo tukunyar dahuwa ta biyu shi ne zai sauko da lokacin zuwa awa 4. Ba a sanin wanne ya kamata a saya sai an riƙe agogo an auna kowane mataki. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Wankin tukunya ma aiki ne

Abu na uku, wanda ya fi cinye lokaci a ɓoye, shi ne sauyi daga wannan kaya zuwa wancan. Masu fenti sun fi kowa sanin haka. Daga fari zuwa ruwan madara ɗauraya kaɗan ta isa. Daga baƙi zuwa fari kuwa sai an wanke tanki da bututu da famfo sarai, in ba haka ba zubin ya lalace. Shi ya sa masana'antun fenti suke jera aikinsu daga launi mai haske zuwa mai duhu, su yi babban wanki sau ɗaya a ƙarshen zagaye. Haka masu turare da sabulu: mara ƙamshi kafin mai ƙamshi, mai sanyin ƙamshi kafin mai ƙarfi.

A wasu kayan maganar ta wuce ta kuɗi, ta zama ta rai. Ruwan jabel in ya haɗu da sauran sinadari mai tsami a tanki, iskar kulorin mai guba ce take tashi. A fannin magani kuwa, ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya sun tanadi a keɓe wa irin su fenisilin wurin haɗawa na daban, don ɗan ɓurɓushinsa a cikin wani magani yana iya hallaka mutumin da jikinsa ba ya karɓarsa.

Tunda sauyi yana da tsada, masana'antu kan yi zango: su ɗauki kaya guda su yi ta zubinsa sau da yawa a jere kafin su sauya. To amma zangon ma yana da nasa farashi. In ya yi tsawo, ka cika mangaza da kayan da ba a saya ba tukuna, jarinka ya kwanta, mai neman wani kayan ya gaji da jira ya tafi wajen wanda ya shigo da nasa daga Kano. Wasu kayan ma ba sa jure ajiya: jabel ƙarfinsa raguwa yake yi a zafi, balle zafin watan Afrilu na Tawa ko Yamai. In kuma zangon ya yi gajere, rabin mako ya ƙare a wanke-wanke. Tsawon zangon da ya dace yana tsakanin waɗannan asara biyu, kuma lissafi ake yi a gano shi, ba a gane shi da ido.

Daga allo zuwa kwamfuta

Kaya huɗu ana iya jera su hanyoyi 24. Kaya goma kuwa hanyoyi 3,628,800, a tukunya ɗaya kawai. Ƙara tukunya ta biyu da ta uku, da ranar da kowane ɗan kasuwa ke son kayansa, sai ka ga dalilin da ya sa wannan ya zama fannin ilimi mai zaman kansa.

Mataki na farko shi ne zanen da injiniyan Amurka Henry Gantt ya yaɗa a shekarun 1910: kowane inji da layinsa, kowane aiki a ja masa sanda gwargwadon tsawon lokacinsa. Da kallo ɗaya za ka ga inda inji ke zaune da inda ayyuka biyu suka yi karo. Allo da alli sun isa a yi shi. Sai ƙananan ƙa'idojin fifiko, kamar fara da odar da ranar bayar da ita ta fi kusa, ko fara da aikin da ya fi saurin ƙarewa. Ba kullum suke ba da amsa mafi kyau ba, amma sun fi "wanda ya fi kusa da ƙofa" nesa ba kusa ba.

Daga nan sai lissafi mai zurfi. A 1939, a birnin Leningrad, Leonid Kantorovich ya warware wa wata masana'antar katako matsalar yadda za ta raba aiki tsakanin injunanta, kuma wannan hanya ce ta kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1975. A fannin sinadarai, babban sauyi ya zo a 1993, lokacin da Kondili da Pantelides da Sargent na kwalejin Imperial da ke Landan suka nuna yadda za a zana duk aikin masana'antar zubi-zubi a matsayin saƙar abubuwa biyu: halin da kaya ke ciki, wato ɗanye ko rabin haɗi ko gamamme, da ayyukan da ke kai shi daga wannan hali zuwa wancan. Sai a yanka lokaci gunduwa-gunduwa, a ba kwamfuta ta nemo jerin da ya fi riba ba tare da karya wani sharaɗi ba. Shekara guda bayan haka Pantelides ya faɗaɗa tsarin, ya sa tukwane da ma'aikata da tururi da wutar lantarki duk a lissafa su a matsayin abubuwan da aiki ke ci. A 1995 kuma aka fitar da ma'aunin ISA-88, wanda ya raba ƙa'idar haɗi da injin da ake haɗin a ciki, ta yadda za a iya ɗaukar haɗi guda a kai shi wata tukunyar ba tare da an fara daga tushe ba.

A da irin wannan lissafi sai manyan kamfanoni. Yau matashin da ya iya Excel, ko ya ɗan taɓa Python, zai iya sauke manhajar kyauta irin OR-Tools ya tsara aikin mako na ƙaramar masana'anta a kwamfutar hannu.

Namu yanayin daban ne

Sai dai kada mu kwafo jadawalin Jamus mu liƙa a bangon Maraɗi. Akwai abubuwa huɗu da tilas mai tsara aiki a nan ya sa a gaba.

Na farko wuta. Kafin Agustan 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin da muke amfani da shi daga Najeriya yake zuwa, kuma kowa ya tuna watannin da aka yanke shi. Ko ba takunkumi, lokacin bazara ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne. Ayyukan masana'anta kuwa ba ɗaya suke ba. Akwai waɗanda in an fara ba a tsayawa: man shafawa da ake gaurayawa da zafi, in injin ya mutu a tsakiya ruwa da mai su rabu, zubin ya tafi. Akwai kuma masu jure jira, kamar liƙa takarda a kwalba, da shirya kwali, da auna kayan gobe. Mai hankali zai sa na farkon a awannin da wuta ta fi zama, ko ya ware musu gazuwal ɗin janareta, ya bar na biyun don lokacin da aka ɗauke. Wanda bai raba su ba shi ne yake ƙona gazuwal don a liƙa takarda, sannan man ya ƙare masa tukunya tana kan wuta.

Na biyu hanya. Soda da turare da kwalabe da yawancin sinadaran da ake haɗawa daga waje suke zuwa. Tun da hanyar Kwatano ta toshe, kaya da yawa ta tashar Lome suke biyowa su ratso Burkina Faso cikin ayarin motoci da rakiyar sojoji, kuma babu mai iya rantsuwa kan ranar isowarsu. Saboda haka jadawalin wata uku da aka rubuta sau ɗaya aka rufe ba zai yi aiki ba. Hanyar da ta dace ita ce jadawali mai tafiya: a ƙulle makon da ake ciki bisa kayan da suke cikin mangaza a zahiri, kada kowa ya taɓa shi, makonnin gaba kuma a rubuta su da fensir, a sake duba su kowace Asabar. Sinadari ɗaya da ya ɓace cikin goma ya isa ya hana zubi, don haka kada a fara abin da ba a ga duk kayan haɗinsa da ido ba.

Na uku lokutan shekara. Buƙatar maganin zazzaɓin cizon sauro da damina take tashi, fenti da rani, sabulu da turare gab da Sallah, maganin ƙwari kafin shuka ta yi ƙarfi. Ana fara lissafi ne daga ranar da ake son kaya a kasuwa, a dawo baya. Sabulun da ake haɗawa ba tare da dafawa ba yana bukatar makonni huɗu zuwa shida ya bushe ya nuna. Ke nan sabulun ƙaramar Sallah tun kafin a ga watan azumi ake zuba shi. A lissafa kuma da cewa a azumi ƙarfin ma'aikata da rana ba ɗaya ba ne, ranar Juma'a ma ba cikakken yini ba ce. Jadawalin da ya manta da mutane a takarda kawai yake aiki.

Na huɗu ɗakin gwaji. Gwada ɗanyen kaya kafin a zuba, da gwada gamamme kafin a fitar, suna cin kwanaki, kuma su ne abin da ake fara tsallakewa in aiki ya cakuɗe ɗan kasuwa yana buga waya. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya bayan shan magungunan tari da aka shigo da su daga Indiya, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an samu sinadarai masu guba a cikinsu. Gwaji ne ke kama irin wannan. In an rubuta kwanakin gwaji a jadawali tun farko a matsayin mataki kamar kowane mataki, babu wanda zai ji an matsa masa ya tsallake su.

Ga masu cewa wannan gatan masu wuta ne

Na san abin da wasu masu masana'antu za su ce, don an faɗa mini a fuska: "Kai kana maganar jadawali, mu wuta muke nema, da rance mai sauƙi, da sassaucin haraji, da a tsare mu daga kayan sumoga." Gaskiya suka faɗa, kuma jadawali ba zai kawo ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Amma a duba da kyau. Wanda ke da wuta awa 24 yana iya ɓarnatar da awa huɗu bai ji a jikinsa ba. Wanda ke da awa goma kacal, in ya ɓarnatar da huɗu kusan rabin yininsa ya tafi. Ƙarancin abu shi ke ƙara wa tsara shi daraja. Kuma a cikin duk matsalolin da suka lissafa, wannan ce kaɗai mai masana'anta zai iya gyarawa da kansa ranar Litinin, ba sai ya jira minista ba.

Akwai wani gargaɗin da ya fi wannan nauyi, shi kuma ga matasa masu zumuɗin kwamfuta yake. Manhaja ba ta san komai ba sai abin da aka ba ta. In ka ce mata wanke tanki minti talatin ne alhali awa biyu yake ci, za ta ba ka jadawali mai kyan gani wanda zai rushe kafin azahar. Lambobin gaskiya suna wurin dattijon da ya shekara goma sha biyar yana juya tukunyar, wanda ya san haɗin kaza ba ya kama jiki in sanyin hunturu ya yi yawa. Wanda ya shigo da kwamfuta yana raina shi ya riga ya faɗi. Haka kuma jadawalin da aka cika maƙil ba a bar ko tazarar awa ɗaya ba, ƙaramin famfo in ya lalace sai ya watse gaba ɗaya. A bar sarari da gangan, musamman a gaban maƙogwaro.

Abin da ya rage mana

Ga jami'o'inmu, Abdou Moumouni ta Yamai, Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, André Salifou ta Damagaram, Djibo Hamani ta Tawa, da makarantar EMIG: a tura ɗaliban sinadarai da na lissafi su yi aikin kammala karatunsu a ƙananan masana'antun garuruwansu. Ɗalibi ya yi wata biyu da agogo da littafi yana auna kowane mataki, ya zana jadawali, a gwada shi a gani. Mai masana'anta ya samu awanni, ɗalibi ya samu sana'ar da ake nema a ko'ina a duniya.

Ga bankuna da hukumomin da ke tallafa wa matasa da jari: duk wanda ya zo neman rancen sabon inji, a tambaye shi awa nawa tsohon ya yi aiki a watan jiya, kuma ina maƙogwaronsa yake. In ba shi da amsa, a fara taimaka masa ya samo ta. Wannan ya fi masa alheri a kan bashin da zai zame masa ƙarfen ƙafa.

Ga ƴan uwa mazauna ƙetare, daga Abijan zuwa Tripoli zuwa Faransa, masu aiko da gumin goshinsu don a kafa sana'a a gida: hoton sabon inji a WhatsApp ba shi ne shaidar aiki ba. Ku nemi a riƙa turo muku hoton jadawalin mako, da abin da aka tsara da abin da aka fitar. Waɗanda kuma suke aiki a masana'antun can, ku lura da allon da ke rataye a ƙofar ɗakin haɗi da mutumin da ke cika shi. Wannan ilimin ba ya biyan kuɗin duwan in za ku dawo da shi.

Abokina bai ci rancen ba a ƙarshe. Bayan Sallah ya sayi farin allo, ya sa ƙaninsa ya yi mako uku yana rubuta lokacin da kowane zubi ya shiga tanki da lokacin da ya fita. Abin da suka gano ya ba shi kunya: awannin da tankin ke yi a zaune, ko ana wanke shi, ko yana riƙe da haɗin da ba a shirya ɗurawa ba, sun fi waɗanda yake yi yana aiki. Yanzu kowace Asabar da la'asar sukan zauna su huɗu su tsara makon gaba. Wata rana zai bukaci tanki na biyu, kuma in ranar ta zo zai san dalili da lambobi a hannu.